Zanen Aro a Bangon Ɗaki

Wanda ya shiga falon wani mai hali a Yamai, ko Maraɗi, ko Kumasi, sau da dama zai tarar da fararen ginshiƙai biyu a bakin ƙofa, da kujeru masu siraran ƙafafu an shafa musu ruwan zinariya, sama kuma an yi wa rufin ɗakin zanen ganyaye da furanni da farar ƙasa. In aka tambayi mai gida asalin wannan ado, sai ya ce na Dubai ne ko na Turkiyya, wato inda aka ɗauro kujerun. Amma adon ya girmi waɗannan kasuwanni nesa ba kusa ba. Turawan Ingila da Faransa ne suka tsara shi tun wajen 1760, su ma kuwa aro suka yi wurin Helenawa da Romawa na dā. Ke nan abin da ke cikin falon aron aro ne.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. To, ko ya dace mutum ya shirya ɗakin da yake wuni a ciki da kamannin zamanin da ya riga ya shuɗe, na mutanen da bai haɗa kaka da su ba? Wannan ƙawa ce kawai, ko kuwa da ƙarya a cikinta? Ba a iya yanke maganar daga bakin ƙofar falon. Sai an koma inda adon ya fara, an ga waɗanda suka fara shi, da abin da suka ce suna nufi da shi.

A shekara ta 79 bayan haihuwar Almasihu, dutsen Besubiyas da ke kudancin Italiya ya yi aman wuta, ya binne garuruwan Pompei da Harkulaniyum. Wurin ba shi da nisa da Butiyoli, tashar da manzo Bulus ya sauka a kan hanyarsa ta zuwa Roma kusan shekara 20 kafin nan. Garuruwan suka kwanta a binne fiye da shekara 1,600. An fara haƙa Harkulaniyum gadan-gadan a 1738 bisa ga umarnin sarkin da ke mulkin yankin, Pompei kuwa a 1748. Dama Turawa sun san haikalin Romawa da manyan gine-ginensu, gama kangayensu na nan tsaye a birnin Roma. Cikin gida ne ba su sani sosai ba. Sai ga ma'aikata suna tono bangaye masu zane ja da baƙi da rawaya, da fitilu, da teburori masu ƙafa uku. Daga 1757 aka soma buga hotunan kayan cikin manyan littattafai, masu zane kuma suka yi ta kwafa.

Abin ya zo a kan gaɓa. Adon da ake yayi a fadodin Faransa a lokacin cike yake da lanƙwashe-lanƙwashe, siffar ƙoƙon katantanwa da reshe mai murɗewa, zinariya ko'ina, da wuya a ga miƙaƙƙen layi ɗaya. Masu tunani sun fara ƙosawa da shi, suna ganinsa alamar almubazzaranci da sakacin masu sarauta. Wani Bajamushe, Johann Winckelmann, ya tashi tun 1755 yana koyar da cewa kyan aikin Helenawa yana cikin sauƙinsa da natsuwarsa. Saboda haka sabon adon bai shigo a matsayin yayi kurum ba, ya shigo da da'awa. Miƙaƙƙen layi yana nuna gaskiya, daidaiton dama da hagu yana nuna adalci, rashin tarkace yana nuna kamun kai. Mai irin wannan ɗaki yana gaya wa baƙonsa cewa shi ma haka halinsa yake. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya.

A Ingila, wanda ya fi kowa shahara da aikin shi ne Robert Adam, mutumin Sikotland, haifaffen 1728. Ya tafi Italiya a 1754 yana auna kangaye yana zanawa. A 1757 ya ƙetare teku zuwa Split, cikin ƙasar Kuroshiya ta yau, ya auna fadar Kaisar Diyokletiyan, wanda masu tarihin ikkilisiya suka sani da tsananta wa masu bi. Da ya koma Landan a 1758, sai attajirai suka yi masa ca. Dabararsa ita ce ya ɗauki ɗaki gaba ɗaya a matsayin abu guda. Shi zai zana adon rufin, zane marar kauri a kan launi mai sanyi, kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Shi zai zana dardumar, a saƙa ta yadda zanenta zai amsa wa na rufin, kamar madubi ne aka shimfiɗa a ƙasa. Murhun ɗumama ɗaki yana tsakiyar bango. In akwai ƙofa a dama, a hagu ma sai an samu, ko da ta ado ce wadda ba ta buɗewa. Ƙafar kujera miƙaƙƙiya ce, tana sirancewa zuwa ƙasa, da tsagu a jikinta irin na ginshiƙi. Har marikin ƙofa yakan zana.

Ginshiƙan kuwa iri uku ne, kowanne da ƙa'idarsa. Na Doriya kakkaura ne, kansa ba ado. Na Ayoniya yana da naɗi biyu a ka kamar ƙahon rago. Na Korinti, wanda aka fi so a falon yau, an yi wa kansa ganyaye, tsawonsa kuma yakan kai wajen ninki 10 na kaurinsa. Ba da ka ake yin su ba. Kaurin ginshiƙin shi ne ma'aunin da ake fitar da sauran sassa da shi.

Zargi na farko da ake yi wa wannan ado shi ne na aro. Shi ne ya fi saurin zuwa baki, shi ne kuma ya fi rauni. Romawan da ake kwafa, su ma daga Helenawa suka ɗauko ginshiƙansu. Abin da Adam ya yi ba ɗakin Baroma ba ne: yana da madubai manya, da tagogin gilashi, da kujeru masu laushi irin na Turawan zamaninsa. Aron ma ba kullum aka fahimci abin da aka aro ba. Winckelmann bai taɓa taka ƙasar Girka ba har ya mutu a 1768, kuma farin nan fat na siffofin dutse da Turawa suka ɗauka alamar tsarki ne, yau an tabbatar fenti ne ya goge, gama Helenawa da Romawa suna shafa wa siffofinsu launuka. Ashe wani ɓangare na natsuwar da ake yabo aikin ruwan sama ne da shekaru. Duk da haka kuskuren ya haifi ɗakuna masu kyau. A ƙasar Hausa ma jeren amarya ya tashi daga ƙoruka zuwa tasoshin jan ƙarfe, daga nan zuwa kwanukan samira da aka shigo da su daga waje, ba wanda ya ce jeren ya daina zama jere. Abin aro in ya daɗe a hannu, aka san amfaninsa, yakan zama na gida.

Zargi na biyu ya fi nauyi: kayan ba su ne abin da suke nunawa ba. Ginshiƙin da ake gani kamar dutsen mabul, sau da yawa farar ƙasa ce aka kwaɓa da danƙo da launi, aka goge har ta yi sheƙi. A gidan Harewood, kusa da birnin Lids a arewacin Ingila, inda Adam ya yi adon ciki, akwai wani dogon ɗaki da saman tagoginsa ke ɗauke da abin da ido zai rantse naɗin labulen alharini ne. Katako ne, masassaƙin nan Thomas Chippendale ya sassaƙa shi aka fente. Ko wannan yaudara ce?

Mutanen Pompei da kansu sun yi haka. Tsofaffin bangayensu shafe ne da aka yi wa siffar fale-falen duwatsu masu tsada, daga baya kuma suka riƙa zana ginshiƙai da tagogi a kan bangon da ba shi da ko ɗaya. Amma daɗewar abu ba ta wanke shi. Abin dubawa shi ne wa ake ruɗa, kuma don me. Labulen katako ba ya cutar kowa. Mai gida da kansa ne zai ce wa baƙo ya taɓa ya ji, su yi dariya tare, a yabi hannun masassaƙi. Wannan wasa ne da ido, kowa ya san da shi. Ƙaryar tana farawa ne sa'ad da ɗakin yake ba da labarin mai shi wanda ba gaskiya ba, domin a ba shi rance, ko a ba shi ƴa, ko a sa shi a kujerar gaba. Bangon farar ƙasa bai yi wa kowa ƙarya ba. Mutumin da ya ci bashin hatsin damina ya kafa ginshiƙi don maƙwabta su ɗauka ya wadata, shi ne ya yi.

Abin mamaki, masu wannan ado na ainihi sun riga sun yi maganar. Wani magini Baroma mai suna Bitrubiyas ya rubuta littafin gini ya miƙa wa Kaisar Augustas, wanda aka yi ƙidaya a zamaninsa lokacin haihuwar Almasihu. Adam da tsaransa duk sun san littafin. A ciki ya nemi gini ya zama da ƙarfi, da amfani, da kyau, ya kuma ɗauko ma'aunin gini daga yadda gaɓoɓin jikin mutum suka dace da juna. Ya koyar cewa gida ya bi aikin mai shi: wanda jama'a ke zuwa wurinsa kullum yana bukatar babban zaure, wanda shi ne ke zuwa wurin wasu ba ya bukata. Akwai wariyar masu sarauta da talakawa cikin wannan magana, ba sai an haɗiye ta duka ba. Amma ƙashinta daidai yake da abin da ake cewa daidai ruwa daidai tsaki. Ginshiƙin Korinti mai kaurin kuka a falon da bai fi taki biyar ba, ba ya tokare komai, ya kuma cinye wurin da baƙo zai miƙe ƙafa, ya karya dokar adon da yake tinƙaho da shi. Wanda ya ari ma'aunin ya sami abu mai amfani ko da bangonsa na laka ne. Wanda ya ari ƙasaitar kaɗai, Bitrubiyas ne zai fara ƙyamar ɗakinsa.

Mai bi zai iya yin wata tambaya dabam. Ɗakunan Adam suna ɗauke da siffofin allolin Helenawa, kuma ƙoƙon kan bijimi da igiyar furanni da ake jerawa a saman bango an ɗauko su ne daga bagadan hadaya. Amsar ba ta da nisa da wadda Bulus ya ba mutanen Korinti a kan naman da aka miƙa wa gumaka: gunkin ba komai ba ne, amma lamirin ɗan'uwa abin kula ne. Ba wanda ke yi wa zanen ganye sujada. In kuwa wata siffa tana sa baƙo tuntuɓe, cire ta ba ya rage wa ɗakin komai.

Babbar maganar tana wani wuri, kuma gidan Harewood ɗin nan ne ya fi fito da ita fili. An aza harsashinsa a 1759, aka gama a 1771. Mai shi, Edwin Lascelles, ya gāji dukiyar mahaifinsa Henry, wanda ya tara ta a tsibirin Barbados ta hanyar aikin kwastan, da cinikin sukari, da ba masu gonakin rake rance, da fataucin bayi daga Afirka. Iyalin suka mallaki gonaki a Barbados da Jamaika. Aikin da Chippendale ya yi musu shi ne mafi girma a duk rayuwarsa, ya haura fam 10,000 a kuɗin wancan zamani. Katakon da masassaƙan Ingila suka fi so a lokacin, mahogani, ɗan'uwan maɗaci ne, kuma bayi ne ke sare shi a dazuzzukan Jamaika da maƙwabtanta. Da majalisar Ingila ta yi dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya. Ba bayin aka biya ba, iyayengijinsu aka biya. Magajin Harewood ya karɓi sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277.

Sai mai karatu ya sa waɗannan abu biyu kusa da juna. A ɗakin kaɗe-kaɗe na gidan, darduma tana amsa wa rufi, kowace da'ira ta sama tana da ƴar'uwarta a ƙasa, ba abin da ya fi wani nauyi. Ɗakin yana wa'azin adalci da idon mutum. A can ƙetaren teku kuma akwai tukunyar dafa ruwan rake da ba a kashe wutarta dare da rana lokacin girbi, da injin matsa da kan fizge hannun wanda gyangyaɗi ya ɗauka. Baƙon da ke shan shayi a ɗakin bai ga wannan ba, ba a kuma shirya ɗakin don ya gani ba. Nan ne ƙaryar take, ta kuma fi ta labulen katako nesa. Adon ya yi da'awar kamun kai da gaskiya, kuɗin da ya biya shi kuwa ya fito daga inda ba a san ma'auni ba.

Ba Harewood kaɗai ba. A Faransa, Josefin matar Napoleon, ƴar masu gonar rake a tsibirin Martinik, ta sayi gidan Malmaison a 1799, magina biyu, Percier da Fontaine, suka shirya shi da adon Romawa, har ɗakin shawara suka yi shi da siffar tantin yaƙi. A 1802 mijinta ya maido da bauta, wadda Faransa ta soke a 1794. Da ya naɗa kansa sarki a 1804, sai gaggafar Romawa ta hau kan kujeru da tutoci. A Amurka, Thomas Jefferson, wanda ya rubuta takardar ƴancin ƙasar a 1776, ya kwafi adon saman bangayen gidansa na Monticello daga haikalin Romawa. Ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Ɗaya daga cikinsu, John Hemmings, gwanin kafinta ne, hannunsa na cikin aikin katakon gidan. A ɗakin cin abinci an yi ƙofa mai juyawa da kantoci a bayanta, da wata ƴar na'ura mai hawo da kwalabe daga ƙasa, ta yadda abinci zai iso ba tare da masu hidima sun yawaita a gaban baƙi ba.

A wannan fanni, sai a ce kwafin ya yi daidai da asali fiye da yadda masu kwafar suka sani. A 2021 masu haƙa suka buɗe wani ɗaki a wani babban gida da ke wajen ganuwar Pompei. Faɗinsa murabba'in mita 16 ne. Gadaje uku ne a ciki na katako da igiya, ɗaya gajere irin na yaro, da tuluna jingine a lungu, da kayan keken doki, da ƴar taga ɗaya a sama. Bangon ba zane. Ɗakin bayi ne, kuma ma'aji ne a lokaci guda. Littattafan da masu ado suka yi ta kwafa ba su ɗauko irin wannan ɗaki ba, alhali shi ne ke ɗauke da sauran.

To, a ƙone kujerun ke nan? Ba haka ba. Ginshiƙi bai sayi bawa ba. Josiah Wedgwood, maginin tangaran da ya buɗe masana'antarsa a 1769, ya cika gidajen Ingila da tuluna da farantai masu fararen siffofi irin na Helenawa. Shi ne kuma a 1787 ya yi amfani da wannan gwaninta ya fitar da ƴar lambar nan mai hoton bawa durƙushe cikin sarƙa, aka raba ta da yawa, mata suka sa a gashi da wuyan hannu, ta zama alamar masu yaƙi da fataucin bayi. Hannu ɗaya ne, salo ɗaya ne. Adon harshe ne, ana iya faɗin gaskiya da shi, ana iya rufe ta da shi.

Saboda haka nauyin yana komawa kan mai gida, ko a ina yake. Zamanin bauta irin wancan ya wuce, amma tambayar ba ta tsufa ba. Maginin da ya zuba ginshiƙan, an cika masa kuɗinsa, ko har yanzu yana sintiri ana ce masa ya dawo gobe? Yaron da ya wuni a kan tsani yana shafa farar ƙasa, nawa ya shiga aljihunsa? Yarinyar da ke goge ƙafafun kujerun kowace safiya, an taɓa ce mata ta zauna a kai, kuma ina take kwana? Falo da ɗakin baya gida ɗaya ne. Wanda ya zaɓi adon da ke cewa komai nasa a kan ma'auni yake, ya ɗora wa kansa alkawari da hannunsa, baƙo kuma yana da iko ya leƙa bayan gida ya ga ko an cika. Mai shimfiɗa tabarma bai yi wannan da'awa ba, ko da yake shi ma ba a ɗauke masa haƙƙin ɗan aikinsa ba.

Akwai kuma waɗanda suka gāji ɗakin, ba su ne suka gina ba, ba su kuma iya mai da kuɗin inda ya fito. Gidan Harewood yana buɗe ga masu ziyara, dardumar da labulen katakon suna nan inda suke. Magajin gidan na takwas, David Lascelles, ya yarda a fili da asalin dukiyar, an kuma ajiye takardun cinikin iyalin a jami'ar birnin Yok inda masu bincike ke iya karanta su. Wasu na ganin wannan bai isa ba tunda dukiyar na hannun da take, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Akwai wani sanannen ɗan wasan kwaikwayo na Ingila, David Harewood, haifaffen Birmingham a 1965, iyayensa mutanen Barbados. Sunan da yake amsawa sunan gidan ne, gama kakanninsa bayi ne a gonar iyalin Lascelles. A 2021 ya je gidan, suka zauna da magajin suka yi magana ido da ido. A 2023 aka rataye hotonsa a cikin gidan, ya shiga cikin tarin hotunan da dā na iyayengiji ne kaɗai.